Kun sa rim, kun sa salansa, amma ba ku san zafin injinku ba

1/ Jiya na ɗora hoton geji biyu da na sa wa motata, ɗaya na zafin ruwa, ɗaya na zafin baƙin mai. Kafin magariba wani ya ɗauki hoton ya rubuta: "Yaran zamani, an kalli fim an zo ana yi wa Accord kwalliyar jirgin sama." Aka yi ta dariya a ƙasa. To ku gyara zama, yau ranar ramuwa ce. Zare 🧵

2/ Dariyar ba ta dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne na san motar mai maganar. Rim inci 18, salansa mai tayar da unguwa da asuba, gilashi baƙi ƙirin, shuɗiyar fitila har ƙarƙashin kujera. Duk waɗannan wai gyara ne. Abu ɗaya tak da zai gaya maka injinka na shirin mutuwa, shi ne kwalliya?

3/ Ni ɗalibi ne, aji uku a sashen injiniya. Amma kada wani ya ce ɗan boko ya zo zai yi mana lakca. Abin da zan faɗa ba a aji na koya ba. A gefen titin Zariya na koya, cikin rana, da kuɗin da ba nawa ba.

4/ Motar Accord ce ta 2005, wadda muke ce wa EOD, mai silinda huɗu. Ta Yayana ce. Da ya samu canji ya bar min ita da sharaɗi biyu: in riƙa kai Hajiya asibiti duk ranar da za ta ga likita, sannan kada ya ji, kada ya gani. Cikin wata uku na mayar da ita wata halitta daban.

5/ Na canza salansa. Na cire akwatin filtar iska na sa buɗaɗɗiya mai kan mazurari. Na sauke ta ƙasa. Na sa bambar gaba mai ƙaramin baki don ta fi kyau a hoto. Robobin da ke ƙarƙashin inji da gefen lagireto kuwa, mai bodi ya ce "ai waɗannan tarkace ne," muka watsar. Ku riƙe maganar robobin nan, za mu dawo kanta.

6/ Watan Afrilu, bara. Ɗaurin auren abokinmu a Zariya. Mu biyar a mota, esi a kunne, rana irin wadda ke haura digiri 40, ni kuma ina take wuta don mun makara. Lokaci zuwa lokaci ina duban allurar zafi ta kamfani. Tana nan inda take kullum, ƙasa da tsakiya kaɗan. Ko motsi.

7/ Muna wuce Kwanar Ɗangora esi ya fara hura iska mai ɗumi. Na baya ya ce "esinka ya gaji malam." Muka yi dariya. Ashe ba gajiya ya yi ba. Motoci da yawa idan ruwa ya yi zafi sosai birenbos ke kashe kwamfuresar esi don ya rage wa inji nauyi. Motar tana yi min ihu, ni ina dariya.

8/ Ba a yi minti biyar ba allurar nan ta tashi daga tsakiya zuwa ja, wallahi kamar an zabure ta. Kafin in samu wurin tsayawa tururi ya fara fitowa ta gefen bonet. Ɗaurin aure dai a hoto muka gan shi. Janwe ce ta dawo da mu Kano.

9/ A gareji aka buɗe. Gasket ya ƙone, kan injin ya lanƙwashe sai da aka kai aka goge shi, baƙin mai ya koma kamar shayi mai madara. Kuɗin gyaran ya fi kuɗin rajistata ta makaranta a shekarar. Yaya ya biya bai ce uffan ba, kuma da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

10/ Wanda ya fi ci min rai: mako biyu Hajiya na zuwa asibiti a adaidaita sahu, da ciwon ƙafarta, saboda ɗanta yana son motarsa ta yi kyau a Instagram. Duk wanda zai yi min dariyar geji, ya fara biyan wannan tukuna.

11/ Bayan ƙura ta lafa na zauna da tambaya ɗaya. Inji ba ya tashi daga lafiya zuwa tafasa a cikin minti ɗaya. Ƙarfe ne da ruwa, zafinsu a hankali yake hawa. To me ya sa allura ta yi zamanta har sai da aski ya zo gaban goshi?

12/ Ga amsar, kuma ita ce zuciyar zaren nan. A yawancin motocin zamani, allurar da ke dashbod ba ta nuna maka ainihin zafin ruwa. Sensa tana aika wa kwamfutar mota, kwamfuta kuma an tsara ta ta ajiye allurar a tsakiya muddin zafin yana cikin wani faffaɗan zango. Sai ya fita daga zangon za ta motsa.

13/ Misali sananne, BMW E46 da 'yan wasan mota ke ji da ita. Allurarta tana tsaye cak a tsakiya daga wajen digiri 75 har kusan 115. Tazarar digiri 40 ke nan, allura ba ta gusa ba. Inji mai 80 da inji mai 110 fuskarsu ɗaya a dashbod. Ranar da ka ga ta karkata dama, ka riga ka shiga.

14/ Ba mugunta ce ta sa kamfanoni yin haka ba. Zafin inji yana hawa da sauka a kullum, a gosulo ya hau, a buɗaɗɗen titi ya sauka. Idan allura na rawa, mai mota zai riƙa komawa wurin dila yana cewa motarsa ba lafiya. Sai aka kwantar masa da hankali. An yi allurar ne don hankalinka, ba don injinka ba.

15/ Wasu motocin ma sun daina wahalar da kansu. Honda Jazz da yawa fitila biyu kawai gare su, shuɗiya idan inji da sanyi, ja idan ya yi zafi. BMW E90 ba ta da allurar zafin ruwa kwata-kwata. Kai kuma ka ɗauki irin wannan motar ka ƙara mata wuta kana juyi da ita a filin biki.

16/ Yanzu hujjar da aka fi jefo min: "Masu ƙera motar sun fi ka ilimi, da ana buƙatar ƙarin geji da sun sa." Na yarda sun fi ni ilimi nesa ba kusa ba. Amma sun yi lissafinsu ne a kan motar da ta fito daga kamfani. Wannan da ke ƙofar gidanku ba ita ba ce. Kai ka rusa lissafin da hannunka.

17/ Ba ka ce sun fi ka ilimi ba ranar da ka yanke salansarsu. Ba ka ce sun fi ka ilimi ba ranar da ka kai aka taɓa birenbos don ta riƙa harbi kamar bindiga. Sai da aka zo maganar auna zafi ka tuna da girmama injiniyoyin Japan. Haba malam.

18/ Mu koma kan robobin da na ce ku riƙe. Aikinsu shi ne su tilasta wa iskar da ta shigo ta bamba ta ratsa ta cikin lagireto. Iska kamar ɗan makaranta ce, inda ya fi sauƙi take bi. Ka cire robobin, sai ta zagaye ta gefe da ta ƙasa. Ka ƙara da bamba mai ƙaramin baki, ka shaƙe motar ke nan.

19/ Buɗaɗɗiyar filtar nan ma, tunda yau ranar faɗin gaskiya ce: idan ka bar ta a cikin ɗakin inji ba kariya, iska mai zafi take zuƙa. Ƙara kawai ta ƙara min, ba gudu ba. Na biya kuɗi na sayi hayaniya.

20/ Sai babban laifin da kusan duk motar da ta shigo ƙasar nan ake yi mata: cire tamostat da haɗa fanka dairek. Tun kafin motar ta zo hannuna an yi mata. Da na tambayi ogan garejin, cewa ya yi: "Injiniya, wannan abin na ƙasar ƙanƙara ne, mu nan zafi gare mu."

21/ Oga, da girmamawa. Motocin da ake sayarwa sababbi a Saudiyya da Dubai da tamostat ɗinsu suke zuwa. Hilux ɗin da ake sayowa dal a leda a Najeriya da tamostat take zuwa. Su ma ƙanƙara ce ke sauka a can?

22/ Tamostat ƙofa ce. Tana rufe hanyar lagireto har inji ya kai zafin aikinsa, sannan ta buɗe. A Honda da Toyota da yawa tana fara buɗewa ne wajen digiri 78 zuwa 82. Ka cire ta, da safe musamman lokacin hunturu inji zai daɗe bai yi ɗumi ba, birenbos kuma zai yi ta ƙara masa fetur don yana ganin har yanzu da sanyi.

23/ Wato kana ƙona ƙarin fetur kullum, a wannan marrar da tun cire tallafi a 2023 kowa ke lissafin lita. Kuma yawancin cin da ƙarfen inji ke yi wa juna yana faruwa ne lokacin da yake da sanyi. Kana ganin gata ka yi masa, alhali tsufa kake ƙara masa.

24/ Ga wanda ba a faɗa muku: tamostat ɗin injina da yawa baki biyu gare ta. Idan ta buɗe hanyar lagireto, gindinta yana toshe wata gajeriyar hanya da ruwa ke zagayawa a cikin inji. Ka cire ta, gajeriyar hanyar ta zauna a buɗe, wani kaso na ruwan ya riƙa zagaye bai je lagireto ba. A doguwar tafiya zafi ya ƙaru maimakon ya ragu.

25/ Kuma duk wannan ba za ka taɓa gani a allurar kamfani ba. Shi ya sa gardamar tamostat ba ta ƙarewa a garejinmu. Kowa na rantsuwa, babu mai lamba a hannu.

26/ Ruwa kuma fa? Ruwan rijiya na riƙa ɗurawa, kamar kowa. Yana tara tsatsa da farin gishiri a 'yan siraran bututun lagireto. Da aka buɗe nawa kusan rabinsa a toshe yake. Murfin lagireton ma robarsa ta mutu, kuma wannan ɗan murfin da kuke rainawa shi ke riƙe da rayuwar inji.

27/ Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100 a bakin teku, a Kano wajen 98 saboda tudu. Murfi mai lafiya yana matse shi da kusan ba 1, sai tafasar ta koma wajen 120. Idan rabi ruwa ne rabi ruwan sanyaya inji na gaske, ta kusa 129. Murfi ya mutu, ka dawo 98. Tazarar da kake taƙama da ita ta tafi.

28/ To haɗa su: lagireto a toshe, iska ba ta shiga, babu tamostat, murfi ya mutu, mutum biyar, esi, rana, gudu. Zafin nan ya ɗauki mintuna yana hawa a hankali. Da ina da geji mai nuna lamba da na ga 95, na ga 100, na ga 105, na kashe esi na sauka gefe na sha ruwan leda. Da an ɗaura aure da ni.

29/ Wani ya ce babansa ya yi shekara 20 da Peugeot 504 bai taɓa sa ƙarin geji ba. Gaskiya ne. Amma allurar 504 kai tsaye take haɗe da sensarta, babu kwamfuta a tsakani, zafi ya hau ta hau. Kuma Baba kullum da safe sai ya buɗe bonet ya duba ruwa da mai. Kai yaushe rabonka?

30/ Yanzu baƙin mai, wanda shi ne mutane suka fi yi wa dariya. "Ruwa mun ji, shi kuma mai me ya kawo shi?" Zafin ruwa da zafin mai ba abu ɗaya ba ne. Ruwa yana da fanka da lagireto da tamostat suna yi masa hidima. Mai a yawancin ƙananan motoci kaskon da ke ƙasan inji kawai gare shi.

31/ Abu na farko da gejin ya koya min: mai ya fi ruwa jinkirin ɗumi. A tawa motar ruwa kan kai 80 cikin minti biyar ko shida, mai kuma sai ya ci kusan kwata. Wato lokacin da allurar kamfani ta ce maka "bismillah," man bai shirya ba. Masu fitowa daga gida su take wuta har jan layi, da ku nake.

32/ Mai yana son zama wajen digiri 90 zuwa 110. Yana buƙatar ya kusanci 100 don damshi da ɗan fetur da suka gauraya da shi su ƙone su fita. Ya wuce 120, man gargajiya ya fara lalacewa da sauri. Mai na sintetik ya fi juriya, amma shi ma ba waliyyi ba ne.

33/ Akwai ƙa'idar da masana man inji ke amfani da ita: duk ƙarin digiri 10 a sama da zafin aiki, saurin lalacewar man yana ninkawa kusan biyu. Kuma duk yadda ya ƙara zafi haka yake ƙara tsinkewa. Siririn labulen da ke raba ƙarfe da ƙarfe ya yi ta sirancewa har su haɗu. Daga nan sai ka ji ƙwas-ƙwas, inji ya buga.

34/ "Ai akwai fitilar mai a dashbod." Wannan jar butar? Ba zafi take aunawa ba, ƙarfin turin mai take aunawa, kuma a motoci da yawa sai ya faɗi ƙasa da rabin ba take kamawa. Idan ta kama kana cikin gudu, ba gargaɗi ba ne, sanarwar rasuwa ce.

35/ 'Yan wasan mota ku ne kuka fi kowa buƙata. Kuna juyi a wuri ɗaya, inji na ihu a dubu shida, motar ba ta tafiya gaba balle iska ta shiga lagireto. Babu yanayin da ya fi wannan dafa mai. Yin sa a titin jama'a kuma wani zaren ne daban, kuma ba za ku ji daɗinsa ba.

36/ Af, masu ɗura 20W-50 a kowace mota don "ƙasarmu da zafi": lambar ta biyu kaurin man ne a digiri 100, ba zafin garinku ba. Buɗe littafin motarka ka ga abin da aka rubuta. Idan kana son canzawa, ka fara sanin zafin da manka ke kaiwa tukuna, sannan mu yi magana.

37/ Yanzu bari in juya bakin bindigar kan 'yan ɓangarena, don akwai inda mai yi min dariya yake da gaskiya. Na taɓa shiga motar wani, geji uku jere suna canza launi kamar gidan biki. Na ce ina sensa? Ya ce wace sensa? Wutar fitila kawai aka haɗa musu. Ɗaya ma na tabo ne, a motar da ba ta da tabo.

38/ Wannan kam kwalliya ce, ku yi masa dariya ni ma zan taya ku. Gejin da ke ƙarya ya fi babu geji haɗari. Kasuwa cike take da na jabu da aka liƙa wa sunan manyan kamfanoni irin su Defi da AEM. Suna a jiki ba shaida ba ne.

39/ Gwajin da na yi kafin in sa nawa, kuma kowa zai iya: haɗa gejin da batir, tsoma bakin sensar a tukunyar ruwa mai tafasa, kada ta taɓa gindin tukunyar. A Kano ya kamata ka ga wajen 98. Ka ga 85 ko 110, mayar wa mai shago kayansa. Hajiya ta ce me nake dafawa, na ce waya.

40/ Sannan kowane geji da sensarsa. Kada ka sayi geji a wuri ɗaya ka tsinto sensa a Ƙofar Ruwa don ta shiga ramin. Za ta shiga, za ta ba da lamba, lambar kuma ƙarya ce, don kowane kamfani da yadda ya daidaita nasa.

41/ Inda za a sa sensar ruwa. Hanya mafi sauƙi: a yanka tiyon sama na lagireto a sa ɗan guntun bututun alminiyam mai ramin sensa. Suna zuwa girma daban-daban, milimita 30, 32, 34, har 38. Auna cikin tiyonka kafin ka saya, kada ka yi kintace. Nan na sa nawa.

42/ Amma wurin yana da rauni, kuma dole ka san shi. Kafin tamostat ta buɗe ruwa ba ya gudana sosai a tiyon, don haka lambar tana jinkiri. Idan tamostat ta maƙale a rufe, inji na iya dahuwa gejin yana nuna ƙasa. Wanda ya samu rami a kan injin kansa, ko tiyon hita da ruwa ke bi kullum, ya fi ni dacewa.

43/ Wani tarkon: sensa ruwa take aunawa. Idan tiyo ya fashe ruwan ya zube, tana rataye ne a iska. Lambar na iya faɗuwa maimakon ta hau. Ka ga zafi ya sauka haka kawai kana tsaka da gudu, kada ka ce alhamdulillahi ka ƙara wuta. Tsaya ka duba.

44/ Bayan ka yanka tiyo iska ta shiga layin ruwan. Sai an fitar da ita, a cika, a bar inji ya yi zafi har fanka ta tashi, a bari ya huce, a sake dubawa. Kuma don Allah kada ka buɗe murfin lagireto da zafinsa. Fatar fuska ba a sayar da ita a Kwatano.

45/ Sensar mai. Hanya biyu aka fi bi. Ta farko, faifan alminiyam da ake sakawa tsakanin filtar mai da jikin inji. Haƙoran filtar Honda M20 ne, na Toyota da yawa 3/4-16, ba sa shiga juna. Motocin da filtarsu takarda ce a cikin gwangwani, kamar BMW da wasu sababbin Toyota, wannan faifan ba ya yi musu.

46/ Ta biyu, a maye notin juye mai da wanda ke da ramin sensa. Ya fi arha. Amma tuna titunanmu, tuna ka sauke motarka ƙasa, tuna tudun rage gudu da kowace unguwa ke ginawa da son ranta. Dutse ɗaya ya fille sensar, manka gaba ɗaya yana kan kwalta. Ni faifan na zaɓa.

47/ Shi ma faifan sabuwar ƙofar yoyo ce ka buɗe wa injinka, ba zan ɓoye ba. Robarsa ta zauna daidai, a ɗaure shi yadda ya kamata, a toshe ramukan da ba a amfani da su. Ka tayar da inji ka leƙa, ka yi tafiya ka sake leƙawa, washegari ka duba ƙasa inda ka ajiye motar.

48/ Kada a yarda a sa maka sensar zafi a reshen da aka fitar daga ramin fitilar mai. Wurin lungu ne, mai ba ya gudana a ciki. Ya dace da auna turi, bai dace da auna zafi ba.

49/ Tunda zare muke yi, ga maganar zaren noti. Yawancin sensar kasuwa 1/8 NPT ce, ta Amurka. Ramukan injin Japan 1/8 BSPT ne. A ido ɗaya suke. Ɗaya haƙora 27 a inci, ɗaya 28. Za ta fara shiga lafiya, sai ta cije. Ka matsa da ƙarfi, ka tsaga alminiyam. Nemi ɗan mahaɗin da ya dace.

50/ Wurin mai rewaya kuma ka tsaya a kansa, kada ka tafi cin abinci. Wuta daga layin da ke mutuwa idan an zare makulli, da fiyus ɗinta. Wayar at a goge fenti a ɗaure ta a tsiraran ƙarfe. Idan sensar mai waya ɗaya ce kuma tana kan bututun da roba ta raba shi da inji, sai an ja masa tasa at ɗin.

51/ Farin tef ɗin famfo da ake naɗawa a zare shi ma yana iya raba sensa mai waya ɗaya da at, lamba ta yi ta hauka. Wayoyi kuma su bi ta robar da ke bangon inji, ba ta tsiraran rami ba. A injin K24 filtar mai da bakin salansa duk ta baya suke, waya ta kwanta a kan salansa ta narke. Murɗa waya a naɗe da leda ba haɗi ba ne.

52/ Inda za a kafa gejin a ciki: ginshiƙin da ke gefen gilashin gaba ya fi kyau a hoto, na sani. Amma idan motarka na da jakar iska ta gefe, ta nan take fashewa. Ranar hatsari gejin nan mai milimita 52 zai zama dutse ya nufi fuskarka. Nawa suna ƙasa da rediyo.

53/ "Zai riƙa ɗauke hankalin direba." Daga mutumin da ke ɗaukar bidiyon sifidomita da hannu ɗaya yana gudun 160. To nemi mai ƙararrawa. Na saita na ruwa ya yi ƙara a 105, na mai a 125. Ba sai na zuba masa ido ba.

54/ "Geji ba ya sanyaya inji." Wannan gaskiya ce tsantsa, kuma ita ce magana mafi hankali da aka yi min jiya. Shi ya sa kafin geji na mayar da tamostat, na mayar da fanka kan sensarta, na canza lagireto da murfi, na nemo robobin nan a wurin 'yan gwangwan, bambar hoto kuma na sayar. Gejin shi ya tabbatar min aikin ya yi.

55/ Wanda ba shi da kuɗin geji, ba ka da uzuri duk da haka. Duk motar da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996, da masu fetur na Turai daga 2001, tana da soket ɗin OBD2 a ƙasan sitiyari. Ɗan abin nan ELM327 da manhaja irin Torque ko Car Scanner za su nuna maka ainihin zafin ruwa a wayarka. Bai kai kuɗin cika tanki ba.

56/ Iyakarsa: tsofaffin motoci da yawa ba su da sensar zafin mai balle su gaya wa waya. Kuma waya tana mutuwa, ana kiranka, rana tana dafa ta a dashbod. Amma don ka gane ƙaryar allurarka, ya isa. Da shi na fara.

57/ Lambobina na wannan makon, don masu son hujja: ruwa tsakanin 84 da 97, mafi yawa a gosulon Ƙofar Nasarawa da azahar da esi a kunne. Mai 92 a cikin gari, 108 a hanyar Wudil da na ɗan matsa. Duk wannan hawa da saukar, allurar kamfani tana nan inda take tun ranar Kwanar Ɗangora.

58/ Mai kwalliyar jirgin sama, na ga ka goge rubutunka, amma an riga an turo min hotonsa. Ranar Asabar bayan la'asar ba ni da lakca. Kawo motarka, zan zo da OBD ɗina, mu kunna esi mu shiga gosulo na rabin awa. Idan ba ta haura 105 ba, ni zan sayi tsire. Idan ta haura, ka buɗe bonet a gaban jama'a mu nemi tamostat ɗinka.